Zaɓen Takalmin Gudu a Kan Kwalta: Bitar Hujjojin Bincike Kan Siffar Ƙafa, Laushi da Jin Daɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar manyan gwaje-gwajen da aka gudanar tsakanin 1985 da 2022 a kan alaƙar takalmin gudu da raunin da masu gudu kan samu. An taƙaita nazarin ga takalmin atisayen yau da kullum a kan kwalta. Bitar ta gano cewa zaɓen takalmi bisa siffar tafin ƙafa bai rage rauni ba, laushin soso kuwa yana da amfani, musamman ga marasa nauyin jiki. Jin daɗin takalmi a lokacin gudu shi ne ma'aunin da ya fi cancanta a riƙa, duk da cewa hujjarsa ba ta kai yadda ake kambama ta ba. An kuma duba matsayin takalmin gwanjo.

1.0 Gabatarwa

Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa kan ɗauki ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau biyu zuwa uku, kuma a kilomita guda yakan yi taku ɗaruruwa. Shi ya sa ciwon masu gudu ba kasafai yake zuwa farat ɗaya kamar targaɗe ba, a hankali yake taruwa. Bitar da van Gent da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ta nuna cewa masu gudun dogon zango da ke jin ciwo a ƙafa sun kama daga kashi 19 zuwa 79 cikin ɗari, gwargwadon yadda kowane bincike ya fassara rauni, kuma gwiwa ce ta fi shan wahala. Kamfanonin takalmi sun daɗe suna tallata kayansu a matsayin rigakafin wannan matsala. Manufar maƙalar ita ce a auna wannan da'awa da abin da gwaji ya tabbatar. An fi ba da ƙarfi ga gwaje-gwajen da suka raba takalma ga mutane ta hanyar ƙuri'a sannan suka bi diddiginsu na watanni, domin su ne suka fi kauce wa son rai.

2.0 Siffar tafin ƙafa

Tsohuwar ƙa'idar da shagunan wasanni suka yi shekaru suna bi ta raba ƙafafu gida uku. Mai shimfiɗaɗɗen tafi, wanda ƙafarsa ke karkata ciki idan ya taka, a ba shi takalmi mai tauri ta gefen ciki don ya tokare karkatar. Mai zurfin kwarmin tafi a ba shi mai laushi. Na tsakiya a ba shi matsakaici. Ƙa'idar tana da daɗin ji, kuma ta sauƙaƙa ciniki.

Joseph Knapik da abokan aikinsa sun gwada ta a kan kuratan sojan ƙasa, da na sama, da na kundumbalar ruwa na Amurka, suka haɗa sakamakon a 2014. Kurata fiye da 7,000 aka raba kashi biyu: wasu aka ba su takalmi daidai da siffar tafinsu, sauran aka ba su iri ɗaya ba tare da an dubi ƙafarsu ba. Yawan rauni bai bambanta ba, a maza da mata. Ana iya cewa kurtu ba gudu kaɗai yake yi ba, yana fareti da but, yana ɗaukar kaya. To amma a wannan shekarar ce Rasmus Nielsen ya wallafa binciken da ya yi a Denmak a kan fararen hula 927 sababbin shiga gudu. Takalmi iri ɗaya, marar tokari, aka ba kowa, aka bi su shekara guda. Mutum 252 suka ji ciwo, kuma masu matsakaiciyar karkatar ƙafa ba su fi masu miƙaƙƙiyar ƙafa shiga haɗari ba.

Sai dai ba a nan zancen ya tsaya ba. A 2016 Laurent Malisoux na Cibiyar Lafiya ta Luksambag ya raba wa masu gudu 372 takalma iri biyu da ido ba ya bambance su, ɗaya da tokari ɗaya babu. Bayan wata shida, masu tokarin suka fi ƙarancin rauni, kuma amfanin ya fi fitowa a masu karkatar ƙafa. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: duban sawun ƙafa kawai bai isa ya zaɓar wa mutum takalmi ba, amma wanda ƙafarsa ke karkata a zahiri, musamman idan ciwo na yawan dawo masa, yana da dalilin gwada mai tokari.

3.0 Laushi, gangara da nauyi

Gwajin da ya fi girma a kan laushi shi ma na Malisoux ne, a 2020, da mutum 848. Masu takalmi mai taurin soso sun fi masu mai laushi jin ciwo da kimanin rabi. Abin mamakin shi ne marasa nauyi ne suka fi cin moriyar laushin, saɓanin abin da aka saba faɗa cewa mai ƙiba ne ke buƙatarsa.

Gangarar takalmi, wato yadda dunduniya ta ɗara wajen yatsu tudu, an gwada ta a 2016 da takalma masu milimita 10 da 6 da sifili a ƙafar mutum 553. A jimlace babu bambanci. Da aka rarraba su, sai aka ga takalmi marar gangara ya fi cutar da waɗanda suka daɗe suna gudu a kai a kai. Dalilin da ya fi kusa shi ne sabo: ƙarancin gangara yana mayar da aiki ga agara da sharaɓa, yawanta kuma yana tura shi ga gwiwa, jikin da ya saba da ɗaya ba ya son a sauya masa dare ɗaya. Masu kafa hujja da Abebe Bikila, wanda ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, sukan manta cewa ƙafarsa ta riga ta saba da hakan.

Nauyi kuwa lissafinsa a fili yake: ƙarin giram 100 a kowace ƙafar takalmi yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar oksijin da jiki ke buƙata. Wannan damuwar ɗan gasa ce. Haka ma takalman nan masu farantin kabon, waɗanda gwajin Jami'ar Kolorado na 2018 ya nuna samfurin Nike Vaporfly na rage ƙarfin da ake kashewa da kimanin kashi 4. Sauri aka auna a gwajin, ba kariya daga rauni ba.

4.0 Jin daɗi a matsayin ma'auni

A 2015 Benno Nigg na Jami'ar Kalgari a Kanada ya kawo ra'ayin cewa kowane jiki yana da hanyar motsin da ya fi so, kuma takalmin da bai takura wannan hanya ba shi ne mutum zai ji ya fi masa daɗi. Babban abin da ya dogara da shi binciken 2001 ne a kan sojoji, inda waɗanda suka zaɓi shimfiɗar cikin takalmi da ta fi musu daɗi suka samu sauƙin ciwo. A ra'ayin wannan maƙala, ginshiƙin ya yi siriri: shimfiɗa aka gwada a cikin but ɗin soja, ba takalmin gudu ba. Bitar Cochrane ta 2022, wadda ta tattara gwaje-gwaje 12 da mutum fiye da 11,000, ita ma ta ce yawancin hujjojin fifita wani nau'in takalmi a kan wani masu rauni ne.

Duk da haka ma'aunin yana da abin da sauran ba su da shi. Ba ya buƙatar na'ura, kuma yana kawar da illolin da babu gardama a kansu: bororo, da mutuwar farce, da kanta, da dannewar jijiya a saman ƙafa. Sharaɗinsa shi ne a auna daɗin a guje, domin takalmin da ya yi laushin katifa a tsaye yana iya yin lilo a ƙarƙashin idon sawu da zarar an fara sassarfa. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin mafi tsawon yatsa da bakin takalmi, yatsu su iya bajewa, dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa bayan an ɗaure igiya. Lambar da ke jikin takalmi ba abin dogaro ba ce, 43 na wani kamfani 44 ne a wani.

5.0 Takalmin gwanjo da zafin ƙasa

Yawancin gwaje-gwajen nan da sababbin takalma aka yi su, a Turai da Arewacin Amurka. Mai sassarfar asuba a Kano ko Maraɗi kuwa sau da yawa kambas ɗin gwanjo yake saye, wanda aka wanke shi fes amma babu wanda ya san kilomita nawa ya ci. Tun 1985 Stephen Cook da abokan aikinsa suka nuna cewa sosan takalmi yana rasa kusan kashi 30 na ƙarfin shanye dira bayan kimanin kilomita 800 a ƙafar mai gudu. Saman takalmi kan yi kyau alhali sosan ya mutu.

Ana iya gane hakan a gaban mai kaya. A ɗora takalmin a kan benci a dube shi ta baya: idan ya jirkice gefe guda, tafiyar tsohon mai shi ta riga ta zauna a ciki. A duba gefen sosan, tamoji masu zurfi alamar lotsawa ce. A zare shimfiɗar ciki a danna wajen dunduniya da babban yatsa, soso mai rai yakan dawo nan take. A murɗa shi kaɗan don a ga ko gam ya fara saki. Sosan EVA, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana ƙara laushi idan ya ji zafi, don haka shanya takalmi a ranar bazara ko barinsa a but ɗin mota yana rage masa kwana.

Wanda ke da hali ya mallaki biyu ya riƙa sauyawa. A binciken Luksambag na 2015 a kan mutum 264, masu karɓa-karɓa tsakanin takalma sun samu ragin haɗari da kashi 39, ko da yake wannan lura ce aka yi, ba rabon ƙuri'a ba. Sabon takalmi kuma a fara shi da gajeren zango kafin a yar da tsohon.

Ana kira ga sassan gashin ƙashi da na ilimin motsa jiki a jami'o'in Arewacin Nijeriya da Nijar da su auna sosan takalman gwanjo da ake sayarwa a kasuwanninmu, su kuma gwada shi a kan kwalta a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa kan haura digiri 40.