Ciwon Kunne Cikin Dare: Abin Da Za A Yi A Gida, Da Abin Da Ba Za A Ɗiga Ba

A Kafanchan aka haife ni, amma neman abinci ya zaunar da ni a Fatakwal. Duk Disamba nakan kwashi iyali mu je gida, kuma wanda ya san garin ya san irin sanyin hunturun da ke saukowa daga wajen duwatsun Kagoro. Yaran da suka saba da zafin kurmi ba sa kwana uku sai mura ta kama su.

A zuwanmu na bara, 'yata mai shekara biyu da rabi ta farka wajen ƙarfe biyun dare tana tsala kuka, hannunta a kan kunnen dama. Mahaifiyata ta fito da tocila tana cewa, "Me ya sami kishiyar tawa? Ku ɗumama man ja a ɗiga mata." Na ce, "Inna, a yi haƙuri, ki tuna da kunnen autanmu." Ta yi shiru. Ƙanen nawa ya yi shekaru kunnensa na zubar da mugunya, ana ta ɗiga masa mai da ruwan ganye. Yau in za ka yi masa magana sai ka koma ta hagunsa.

Abin da muka yi a daren, da bayanin da ma'aikaciyar lafiya ta ƙara mini washegari, shi na tattara a nan.

Me ke kawo ciwon?

Bayan dodon kunne akwai ɗan sarari, kuma wata siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. Idan mura ta zo, hanyar kan kumbura ta toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Matsin ruwan a kan dodon kunne shi ne zafin. A jikin yara hanyar gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa ciwon ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 2.

Akwai kuma na waje, wanda ke kama fatar ramin kunne. Ruwan da ya maƙale bayan wanka ko iyo, da yawan sosa, su ke jawo shi. Mu da ke zaune a Legas, Fatakwal da Warri, inda laima ta yi yawa, mun fi haɗuwa da wannan. Alamarsa: in ka ɗan ja kunnen ko ka danna bakin ramin, zafin ya ƙaru.

Abin da za a yi a gida

Na farko, maganin rage zafi ta baki. Farasitamol ana ba yaro gwargwadon nauyinsa: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Misali, yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 120 zuwa 180. In ruwan maganin irin mai miligiram 120 a cikin mililita 5 ne, to mililita 5 zuwa 7.5 ke nan. A duba jikin kwalbar, a auna da murfin awo ko sirinji, ba da cokalin shayi ba. Ibuprofen ma yana aiki, amma sai an ci abinci, kuma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai juna biyu, ko yaron da ke amai da gudawa. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

Na biyu, gashi. A jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a matse shi sosai, a gwada a bayan hannu, sannan a ɗora a kan kunnen kamar minti 10 zuwa 15. Ɗumi ake so, ba ƙuna ba, kuma kada ruwa ya shiga ciki.

Na uku, a ɗaga kai. Kwanciya a miƙe na ƙara matsin, shi ya sa ciwon ke tsananta da dare. Babba ko yaro mai wayo ya ƙara matashi, kunnen mai ciwo yana sama. Jariri kuma ba a sa masa matashi. A rungume shi a kafaɗa.

Na huɗu, a yawaita ba shi ruwa, mai shan nono a ci gaba da ba shi. A kuma nisanta shi da hayaƙin murhu, na janareta da na taba.

Abin da ba za a sa ba

Man ja, man gyaɗa, ruwan albasa, tafarnuwa, citta, ruwan nono, kananzir: duk na ga an ɗiga. Matsalar ita ce, ba wanda zai iya sanin ko dodon kunne ya huje sai an leƙa da na'ura. In ya huje, abin da ka ɗiga kai tsaye zai wuce ciki. Haka maganin ɗigawa na kemis: akwai irinsu, kamar masu ɗauke da gentamicin, da kan iya lalata ji in dodon a huje yake. Tsinken ashana, gashin kaza da audugar goge kunne su ma a ajiye. Sannan kada a ba yaro ragowar antibayotik na wani. Mafi yawan ciwon kunnen da ya biyo mura kan lafa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma likita ne zai ce ko ana bukatarsa.

In kunnen ya fara zubar da ruwa

Wani lokaci kuka kan tsaya kwatsam, sai a ga mugunya a kan matashi. Ba warkewa ba ce, dodon ne ya fashe. Yakan haɗe da kansa in an bar kunnen a bushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da dabarar lagwani: a murɗa ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa, a zura bakinsa a hankali, in ya jiƙe a canza, har kunnen ya bushe, aƙalla sau 3 a rana. Kada a toshe kunnen da auduga, a kuma kare shi daga ruwan wanka. A kai yaron asibiti. Zubar da ta kai kwana 14 ta zama daɗaɗɗen ciwo, irin wanda ya cinye jin ƙanena.

Lokacin da ba a jira

A nufi asibiti nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburi mai zafi a bayan kunne, wuya ya sanƙare, ko jijjiga, ko yaro ya yi laƙwas, baki ya karkace, jiri mai tsanani, zazzaɓi ya kai digiri 39, jariri bai kai wata 6 ba, wani abu ya shiga kunnen, ko mai ciwon yana da ciwon suga. Haka in an kwana biyu ba sauƙi. Kuma duk zazzaɓi a ƙasarmu a gwada maleriya, kada a ɗora wa kunne laifin duka.

Wanda ke Kafanchan, ga babban asibitin garin. In abu ya yi tsauri, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mu na kudu kuma, manyan asibitocin koyarwa na Legas, Ibadan, Benin da Fatakwal suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Riga-kafi ya fi magani

Nonon uwa zalla na wata 6 yana rage wannan ciwo. Kada a ba jariri fida yana kwance a miƙe. A cika katin allurar riga-kafi, musamman ta ciwon haƙarƙari da ta ƙyanda. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

'Yata ta sha farasitamol, muka gasa mata kunnen, kafin kiran assalatu ta yi barci a kafaɗata. Da safe aka leƙa, dodon ya yi ja amma bai huje ba. Inna ta mayar da kwalbar man ja kicin, ta ce, "To, a miya ya fi amfani." Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.