Yadda ake tantance darajar lu'ulu'u

A wurin masu sayar da gwal a Kano ko Katsina, nauyi da tsarkin zinare ne ke yanke farashi. Lu'ulu'u kuwa ba haka yake ba, domin duwatsu biyu masu nauyi ɗaya kan bambanta matuƙa wajen tsada.

Ana dogara ne da ma'aunai huɗu, bisa tsarin da cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wato GIA, ta fitar a shekarar 1953.

Nauyi

Ana auna lu'ulu'u da karat, wanda ya yi daidai da kashi ɗaya cikin biyar na giram. Wannan daban yake da karat na zinare, wanda tsarki yake nunawa.

Da yake manyan duwatsu sun fi wuyar samu, guda ɗaya mai karat 2 ya fi biyu masu karat ɗaya-ɗaya tsada, muddin ingancinsu ɗaya ne.

Launi da tsabta

Ana jera launi daga harafin D, wato garau kamar ruwa, zuwa Z, mai ratsin rawaya ko ruwan ƙasa. Darajarsa na raguwa yayin da launin ke ƙaruwa, sai dai nau'o'i irin su shuɗi da ja, waɗanda ake yi wa hukunci na daban.

Tsabta kuma tana da matakai 11, kuma ƙwararru na neman tabo ko tsaga da gilashi mai ƙara girma sau 10.

Yanka

Wannan ne kaɗai ma'aunin da ya rataya ga hannun ɗan Adam. Zagayayyen lu'ulu'u na da fuskoki 57 ko 58, kuma idan ba a daidaita su ba, dutsen kan rasa ƙyallinsa komai tsabtarsa. Akasarin wannan aiki a birnin Surat na Indiya ake yinsa.

Takardar shaida

Ido ba ya iya bambance lu'ulu'un da aka haƙo da wanda aka ƙera a masana'anta, alhali na masana'antar ya fi araha sosai. Shi ya sa takardar gwaji daga cibiya mai zaman kanta ke da muhimmanci ga mai saye.

Takardar Kimberley, wadda ta fara aiki a 2003 bayan yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola, ba inganci take tabbatarwa ba. Shaida ce kawai cewa ɗanyen dutsen bai fito daga hannun 'yan tawaye ba.