Ƙwaron tsamiya

ƙwaron tsamiya (suna, namiji, jam'i: ƙwarin tsamiya). Ƙaramin ƙwaro mai huda ƙwallon tsamiya, tsutsarsa ta cinye cikin.

A buhunan tsamiyar da ake kasawa a kasuwannin Sokode da Dapaong, a Togo, sunan ɗaya ne amma ƙwarin biyu ne, kuma ya wajaba a rarrabe su. Na farko, *Sitophilus linearis*, ɗan'uwan ƙwaron masara ne, mai dogon baki. Macen kan huda ƙwallo ta saka ƙwai, tsutsar ta rikiɗa a ciki. Na biyu, *Caryedon serratus*, wanda masanin ƙwari Olivier ya bayyana a 1790, ba shi da dogon baki. Cinyoyinsa na baya masu kauri ne, tsutsarsa kuma takan fito ta saƙa wa kanta kube a jikin buhu. Wani zai ce ina ruwan manomi da wannan bambanci, tunda ɓarna ɓarna ce. Amma na farkon tsamiya yake bi, shi kuwa na biyun yana hayayyafa a 'ya'yan kalgo da marga, sannan ya afka wa gyaɗar da aka shanya a gona, ya bi ta har rumbu. Manomin yankin Dapaong da ya ga kuben nan, gyaɗarsa ya kamata ya fara dubawa.