Asalin Lissafin Watannin Musulunci

Tun kafin Musulunci Larabawa da wata suke lissafi, amma ba su bar shi ya yi tafiyarsa ba. Suna da watanni huɗu masu alfarma da ba a yaƙi a cikinsu: Zulƙida, Zulhajji, Muharram da Rajab. Uku na farko a jere suke, ga mutanen da suka saba da kai hari kuwa, zaman wata uku takobi na cikin kube abu ne mai wuya. Sai wani babba daga ƙabilar Kinana ya miƙe a taron hajji, ya ce bana an ɗage alfarmar Muharram zuwa Safar. Wannan dabara ita ake kira nasi'u. Musulunci ya hana ta, Annabi (SAW) ya jaddada hanin a hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira.

Daga nan hukunci ya koma ga ido. Ranar 29 ga wata, da faɗuwar rana, sai a fuskanci yamma ana duban jinjirin wata, siriri kamar yankan farce, wanda ba ya daɗewa yake bin rana ya faɗi. In an gan shi, wata ya tsaya, daren nan shi ne daren ɗaya. In hadari ko hazo ya rufe, sai a cika talatin. Dalili kuwa, zagayen wata kwana 29 da rabi ne, ita kuwa rana ba a raba ta. Shi ya sa har gobe mai kalanda hasashe kawai yake yi, jama'a sai sun kasa kunne sun ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato.

Ƙirgen shekaru ya zo daga baya, wajen shekara ta 17, zamanin Sayyidina Umar. An ruwaito cewa an kawo masa wata takarda mai ɗauke da Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban, na bana ko na bara? Sahabbai suka yi shawara, aka tsayar da Hijirar shekarar 622 ta Miladiyya a matsayin mafari, Muharram ya zama watan farko.

Shekarar kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kwana 10 ko 11. Saboda haka azumi ba shi da mazauni: wanda ya sha zafin bazara da shi, in da rai zai yi shi cikin hunturu, sannan damina, ya zagayo cikin shekara kamar 33. Manomi dai bai taɓa dogara da wannan lissafi wajen shuka ba, shi sai ya ga ruwa ya sauka.