Gadar Ƙarfen Kwatano da Hanyar Fataucin Ƙasar Nan

Duk wanda ya ga manyan motoci suna ratsa Madawa ɗauke da shinkafa, sukari da atamfa, ya kamata ya san inda wannan hanya ta samo asali. Mafarinta yana bakin teku, a Kwatano ta ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin a yau.

Kafin zuwan Nasara, fataucin Adar da Gobir bai dogara da teku ba. Ayarin Azbinawa ke kawo gishirin Bilma, fatake kuma su nufi Gwanja da jakuna domin sayo goro. A gaɓar Dahome kuwa sauke kaya babban haɗari ne. Jiragen ruwa kan tsaya can nesa, sai matuƙan kwalekwale su keta igiyar ruwa mai ƙarfi su kai gare su. Sau da yawa kwalekwale kan kife, kaya su nutse, manyan kifaye su halaka mutane.

A shekarar 1891, cikin ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila, Faransawa suka fara kafa wata gadar ƙarfe a Kwatano. An kakkafa ginshiƙanta cikin yashin teku, aka miƙa ta har ta wuce inda igiyar ke karyewa. Daga baya tsawonta ya kai kimanin mita 400. Ƙananan jirage ke ɗauko kaya daga manya, injin ɗaga kaya ya ɗora su bisa gadar. Ana cikin wannan aiki yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Faransa da Sarki Behanzin. Janar Dodds ya ci birnin Abome a 1892, sarkin kuma ya miƙa wuya a 1894.

Daga bakin gadar aka ja layin dogo a 1900, wanda ya isa Paraku a shekarun 1930, tazarar kilomita 438. A 1953 aka tsara fitar da gujiyar Nijar ta wannan hanya, a 1958 aka buɗe gadar Gaya da Malanbil bisa kogin Kwara. Ta haka kasuwannin Madawa, Buza da Keita, har da Babankatami, suka haɗu da teku ta Birnin Ƙonni da Doso. Gadar ƙarfen ta yi aiki har 1965, lokacin da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Wannan hanya ta kawo arziki, amma ta ɗaure ƙasar da ba ta da teku ga ƙofar maƙwabci. Sa'ad da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka maƙale a Kwatano, farashi ya hau a kasuwanni, 'yan kasuwa suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Magabata da suka riƙe hanyar Azbin da ta Gwanja tare ba su taɓa jingina ga ƙofa ɗaya ba. Allah Ya ba masarauta da talakawanta zaman lafiya da albarkar kasuwa, amin.