Ɗibbun Littafi da Ɗibbun Hannu: Malaman Sin, Malaman Jihadi da Maɗoran Aliero

A yankin Jega da Maiyama, idan ƙashi ya karye, mutane da yawa Aliero suke nufa tun kafin su tuna da asibiti. Ɗori a garin gado ne, yaro yana koyonsa a gaban mahaifinsa. Sai dai mai bibiyar abin da malaman jihadi suka wallafa a fannin ɗibbu zai iske cewa wannan sana'a ba ita ce ta ɗauki hankalinsu ba. Masalih al-Insan na Shehu Abdullahi na Gwandu (ya rasu 1829) ya haɗa maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) kuma ya yi rubutu a kan ɗibbun Annabi, da ciwon ido, da basur. Magunguna da addu'o'i sun samu alƙalami. Aikin hannu ya tsaya a gidajen maɗora da wanzamai.

Tarihin ƙasar Sin yana haska dalilin irin wannan rabuwa. A zamanin daular Song (960–1279), malamai mabiya Konfushiyas suka shiga likitanci, har hukuma ta kafa ma'aikatar tace littattafan magani a 1057. Biyayyar iyaye, wadda ita ce ginshiƙin koyarwarsu, ta wajabta wa ɗa kula da lafiyar mahaifansa. Zhu Zhenheng (ya rasu 1358), ɗaya daga manyan likitocinsu, rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta fara tura shi karatun magani. Amma koyarwar nan ta ɗauki jiki amanar iyaye da ba a keta ta, don haka fiɗa ba ta bunƙasa ba. Malami ya riƙe jin bugun jini da rubuta magani, ya bar ɗori da tausa ga masu gado, waɗanda yake ganin ba su kai shi daraja ba. A 1822 fada ta kai ga cire sukar allura daga makarantar likitocinta.

Kamancen yana da iyaka, kuma a nan nake ganin ɗalibai suna zamewa. Musulunci bai ƙasƙantar da aikin hannu ba. Ƙaho ya tabbata a Sunna, Az-Zahrawi na Andalus kuma ya keɓe babban sashe na littafinsa At-Tasrif ga fiɗa da ɗori. Ma'aunin fiƙihu ƙwarewa ce: hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Maɗorin da aka shaida ƙwarewarsa likita ne a shari'a, ko bai taɓa buɗe littafi ba.

Matsalar tana wajen tantancewa. Ilimin da ba a rubuta ba, da me alƙali zai auna shi ranar da aka ɗaure karaya mai buɗaɗɗen rauni, ƙafa ta ruɓe, aka yanke ta a asibitin Birnin Kebbi? Malikawa suna komawa ga shaidar masana sana'ar, su kuwa masanan ɗori galibi 'yan gida ɗaya ne da wanda ake ƙara.