Tarihin Kunamar Bindiga da Sana'ar Gyaranta a Amurka



Abin da zan yi magana a kansa yau wani ɗan ƙarfe ne wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, watau kunamar bindiga. Ƙanƙantarsa kan sa a raina shi, alhali kuwa a jikinsa ne nufin mutum yake komawa aiki. Tun da aka fara ƙera bindiga, maƙera suke fama da matsala guda: in kunama ta yi nauyi, hannun maharbi ya motsa, saiti ya kauce, in kuma ta yi sauƙi ainun, bindiga ta tashi ba da nufin mai ita ba. Tarihin kunama duka tarihin neman tsaka-tsaki ne tsakanin waɗannan haɗurra biyu.

A ƙarni na 15 Turawa suka ƙago wani lanƙwasasshen ƙarfe mai riƙe da igiya mai ci da wuta, wanda in an ja shi sai ya kai wutar ga albarushi. A farkon ƙarni na 17 aka kammala bindiga mai ƙanƙara a Faransa. Daga nan aikin kunama ya zama sakin wani ƙarfe da aka ɗana, shi kuma ya doki abin da zai ta da wuta. Maƙeran Jamus sukan yi wa bindigogin farauta kunama biyu, ta baya a ɗana da ita, ta gaba kuwa da an taɓa ta sai harbi, kuma Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Fensilbeniya sun tafi da wannan fasaha Amurka a ƙarni na 18. Soja ba su bi wannan hanya ba, domin mutumin da ke cikin firgita ko sanyi ba ya iya sarrafa yatsansa sosai. Saboda haka bindigar Mauser ta 1898 ta zo da kunama mai hawa biyu: a fara ja da sauƙi, a ji ta tsaya, sa'an nan a ƙara ƙarfi.

Matsalar ta ƙaru da zuwan bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wadda kowane ja ɗaya harbi ɗaya ne, kamar M1 Garand da sojan Amurka suka karɓa a 1936. A irin wannan bindiga ƙarafan ciki suna komawa baya da ƙarfi bayan kowane harbi, don haka dole ne abin da ke kama madokin ya kama shi da kyau cikin girgiza, in ba haka ba harsashi biyu su fita a ja ɗaya. Shi ya sa AR-15, wadda ta samo asali daga zanen Eugene Stoner, kamfanin Colt ya sayi haƙƙinta a 1959, ta zo da kunama mai nauyin da ya wuce laba 5.

To, ina sana'ar gyara ta samo tushe? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin bindigogin soja suka cika kasuwar Amurka da araha, mafarauta kuwa ba su son kunamar soja. A 1946 Allen Timney ya kafa kamfanin ƙera kunamar da za a ɗora wa irin waɗannan bindigogi. Gasar harbi ma ta taimaka, musamman wadda ake yi a Camp Perry cikin jihar Ohayo tun 1907. Dokar gasar bindigar soja ta hana nauyin kunama ya gaza laba 4 da rabi, saboda haka maƙera suka mai da hankali ga santsin ja da tsabtar saki maimakon rage nauyi kawai. Da AR-15 ta bazu, sai kamfanoni irin su Geissele, wanda aka kafa a 2004, suka shiga sayar da kunama haɗaɗɗiya. Wannan ya rage wata tsohuwar al'ada mai haɗari, ta goge ƙarfe da hannu a gida, wadda kan cinye taurin da aka yi wa bayan ƙarfen har ya daina kamawa.

Amma kada mu ɗauka ci gaba ne kawai. Kamfanin Remington ya sha ƙararraki a kan kunamar bindigarsa ta farauta samfurin 700, wadda aka ce tana tashi ba a ja ta ba. Kamfanin ya musanta aibin, amma a 2014 ya amince ya sauya kunamar miliyoyin bindigogi. Har ila yau, dokar Amurka ta 1934 da aikin kunama ta rarrabe bindiga mai ruwan harsashi da sauran bindigogi. Bayan kisan gillar Las Vegas na 2017, inda maharbin ya yi amfani da wani ƙarin gindin bindiga mai saurin maimaita harbi, gwamnati ta haramta wannan na'ura, sa'an nan Kotun Ƙoli ta soke haramcin a 2024, bisa hujjar cewa kunamar tana aiki ne sau ɗaya ga kowane harsashi.

Jama'a, darasin da nake so mu tafi da shi ke nan: abin da maƙeri ya ɗauka gyaran ƙarfe ne kawai, ya kai ga alƙalai da makabarta. Duk sauƙin da aka ƙara wa kunama, nauyi ne aka ɗora wa mai riƙe da ita.